Amanar Da Ke Kasuwar Mile 12 Ita Za Ta Riƙe Mana Zaman Lafiya

Assalamu alaikum Edita, ina fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwana mazauna Legas, musamman mu masu neman abinci a Mile 12, Agege, Idi-Araba, Alaba Rago da Obalende.

Duk sanda aka yi rikici sai ka ji an kira taron sulhu a otal, manya su hallara a ɗauki hoto a sa hannu a takarda, ba na raina wannan, amma wallahi abin da zai riƙe mu yana nan cikin kasuwa tuntuni. Duk wanda ya san Mile 12 ya san yadda Bayarabiya za ta zo da asuba ta ɗauki kwandon tumatir ko buhun albasa wurin dillali Bahaushe ba ta ba da ko sisi ba, babu takarda babu shaida, sai ta sayar ta kawo kuɗin, in kaya ya ruɓe a zauna a yi mata sauƙi, shi kuma in zai tafi gida Sallah wani lokaci maƙwabcinsa Bayarabe yake bar wa makullin shago. Amana kenan, da haƙuri da kara. To me ya sa ranar da aka fi buƙatarsu ake ajiye su?

Mu tuna fa. Rikicin Ketu a watan Nuwamba 1999, Idi-Araba a Fabrairun 2002 inda aka rasa rayuka masu ɗimbin yawa, sai Mile 12 a watan Maris 2016, har Gwamna Ambode ya rufe kasuwa ya sa dokar hana fita. Sau da yawa abin daga saɓanin mutum biyu yake farawa, kafin ka ce kwabo an mai da shi faɗan Hausa da Yarbawa. Haka aka yi a kasuwar Shasha ta Ibadan a 2021, bayan nan aka tsai da motocin abinci daga Arewa, tumatir ya yi ta lalacewa a hannun manoma can, nan kuma talaka ya kasa sayen na miya. Wa ya ci riba?

Shi ya sa labarin Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar Yelwa a Barikin Ladi ta jihar Filato yake tsaya min a rai. A watan Yunin 2018 dattijon nan ya ɓoye mutane sama da 200, yawancinsu Kiristoci, cikin masallaci da gidansa, ya tsaya gaban 'yan bindiga ya ƙi miƙa su. Bai jira kwamiti ba, maƙwabtansa ne kawai. Ga kuma Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye a Kaduna, waɗanda a da suke gaba da juna, shi Faston har hannu ya rasa a rikicin 1992, amma suka yafe wa juna suka koma sasanta wasu.

Roƙona shi ne kowace unguwa da kasuwa a samu zama na dindindin tsakanin Sarkin Hausawa, Baale (mai unguwar Yarbawa), Iyaloja (shugabar matan kasuwa), limamai, fastoci da shugabannin 'yan acaba da 'yan dako, kowa ya riƙe lambar kowa, ana haɗuwa ko babu matsala, saboda in rikici ya tashi awa ɗayan farko ita ce komai, in dattawan da yara ke jin kunyarsu suka iso wurin tare kafin 'yan daba su iso, an gama.

Sannan mu faɗa wa kanmu gaskiya. In yaronmu ya yi laifi kada mu ɓoye shi don namu ne, a miƙa shi hukuma, su ma Yarbawa mu nemi su yi hakan. Ita kuma gwamnati ta riƙa hukunta mai laifi a fili, don rashin hukunci ne ke sa mutum ya ce bari ya rama da hannunsa. Sai saƙonnin murya na WhatsApp, wani zai zauna a ɗaki ya ce ana kashe 'yan Arewa a Legas, ya haɗa da tsohon bidiyo, kafin la'asar hankali ya tashi a Kano. Allah ya umarce mu a Suratul Hujurat aya ta 6 da mu binciki labari kafin mu cutar da mutane cikin jahilci, don Allah kafin ka tura ka kira wanda ke wurin.

Matasanmu da ke sauka daga tirela kuwa, masu masaukinsu su koya musu gaisuwar Yarbanci da dokokin gari tun makon farko. Ina roƙon sarakunanmu na Hausawa a Legas su fara kiran wannan zama tun yanzu da ake lafiya, kafin guguwar siyasa ta kaɗa.

Naku,
Wani ɗan kasuwar gwari, daga Agege, Legas