Tsagar bayan bututun bindiga ba ita ke daidaita harbi ba

Malam Edita, assalamu alaikum, da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka.

Ni tsohon soje ne, shekara da shekaru ina ɗakin ajiyar makamai ina sharar bindigu da duba su kafin in ajiye aiki, kuma har yanzu nakan bi mafarauta daji in lokacin ya buɗe. Abin da ya sa na rubuto wata magana ce da ta shiga kan samarinmu nan Damagaram, suna gani a TikTok da Facebook bindigun Amurka masu tsaga-tsaga a bayan bututu, dogayen kwaruruka tun daga kusa da gindi har wajen baki, sai su ce wai ita ce ke sa harsashi ya tafi sak. Wallahi ba haka ba ne.

Tsagar da ke daidaita harbi tana CIKIN bututu, a murɗe take, ita ke juya harsashi kamar katantanwar yara ya fita yana juyi bai karkace ba. Ta waje kuwa aikinta rage nauyi, yawanci ma abin da ake ragewa bai kai rabin kilo ba, amma wanda ya yini da bindiga a kafaɗa cikin rairayin wajen Tanut ya san wannan ɗan ragin ma wani abu ne.

To ga inda ake rikicewa. Ana cewa tsaga na ƙara ma bututu ƙarfi. Ka ɗauki taɓarya mai kauri ka sassaƙe mata kwari shida a jiki, ta ƙara ƙarfi? Ina! ta ragu. Sai dai in ka gwada ta da siririyar taɓarya mai nauyi ɗaya da ita, nan kam ta fi ta tauri tunda har yanzu kaurinta na nan. Haka bututu yake, kuma duk harbi sai ya yi rawa, rawar da ido ba ya gani, abin da ake so ya riƙa yin rawar iri ɗaya kowane lokaci. Batun sanyi ma haka, eh iska na samun wurin bugawa da yawa ya ɗan huce da wuri, amma ƙarfen ya ragu don haka da wuri yake ɗaukar zafi, kamar ƙaramar butar shayi a kan gawayi.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda na gani da idona. Ɗan wani abokina ya ɗauki bindigar farautar babansa, mai takarda, mai permi, ya kai ma wani mai walda ya gurza mata kwari da injin gurza ƙarfe don ta yi kama da ta bidiyo. Da aka kawo mini na sa farce ina bi, wani kwarin ya fi wani zurfi, ɗaya ma ya kauce kamar hanyar jaki. Muka kafa kwali a mita 100. Harbi biyu na farko ba laifi, na uku na huɗu da ƙarfe ya yi zafi sai suka fara tafiya hagu suna hawa sama, saboda gefen da ya fi siranta ba ya buɗewa daidai da ɗaya gefen, bututun ya ɗan lanƙwashe. Na ce a ajiye ta kar a ƙara harbawa, don kusa da gindi inda albarushi ke tashi can matsin ya fi yawa, in an ci ƙarfen wurin fuskar mai harbi ce a kusa. Uban har ƙwalla ya yi, bindigar gado ce.

Ko a masana'anta da injin da ke auna zurfi daidai, in ƙarfen na da ɗaurin ciki, wato matsin da ya maƙale a jikinsa tun wajen ƙira, tsagar na iya sakinsa ramin ciki ya ɗan canza. Shi ya sa wasu maƙeran bututu ba su son a tsaga nasu bayan an gama.

Mu garin maƙera ne, tun zamanin Sarki Tanimu ake zuba igwa da haɗa albarushi a Birni, ba raina masu sana'a nake ba. Roƙona dai Malam Edita ku buga wannan, masu walda su daina karɓar irin wannan aiki ko jikka nawa aka ba su, wanda kuma ya riga ya kai tasa ya nemi wanda ya san makami ya duba mashi kafin ya sa harsashi.

Naku,
Tsohon soje, Sabon Gari, Damagaram