Wasiƙa daga Garwa: ka gyara wa yaron nan maganar Hayatou

Salamu alaikum mutumina, ya Kano, ya iyali da yara? Mu nan Garwa sai godiya, zafi dai ka san halin garinmu, ruwan Binuwai ma ya ja baya sosai bana.

Saƙon muryar da ka turo ranar Juma'a ne ya hana ni sakat, inda kake cewa babban ɗanka ya tambaye ka waye Hayatou ka ce masa ai na ƙwallo ne. Haba ɗan uwa! Issa kam ya yi suna, tun 1988 har 2017 yana riƙe da CAF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, Allah ya ji ƙansa, amma kai da muka taso layi ɗaya har ka manta da yayansa Sadou?

Ka tuna 1991 mana, lokacin vil mort, yajin aikin gama-gari da 'yan adawa suka kira a nan Kamaru, daga Litinin zuwa Juma'a gari a kulle, ba kasuwa ba tasha, baba yana sayar da suga da sabulu ta ƙofar baya ni kuma an ajiye ni bakin lungu ina leƙe ko matasa na tahowa, in na hango su sai in yi tari sau biyu ya ja ƙyaure. To a cikin wannan wutar ne fa shugaban ƙasa Biya ya maido kujerar firaminista da aka soke tun 1984, ya ɗora Sadou a kai ranar 26 ga Afrilu. Ɗan Lamiɗo ne, sarkin Garwa, ya yi karatun tattalin arziki a Faransa, ya shugabanci bankin BICIC, ya yi ministan noma, ya yi na tsare-tsare, ya yi na kuɗi daga 1987. Mutum irin wannan da ya ga dama sai ya koma gida ya naɗa rawani a riƙa zuwa ana faɗuwa ana gaishe shi, amma ya karɓi garwashi da hannu.

Ba wanke shi nake ba fa. Zamanin da yake ministan kuɗi ne aka shiga tsarin IMF, an ɗaure mana ciki wallahi, mun ji a jikinmu, kuma nan garinsu ma mutane da yawa sun juya masa baya sun bi jam'iyyar adawa ta UNDP ta Bello Bouba, har baba. Amma abin da ba na mantawa shi ne taron ɓangarori uku da ya jagoranta a Yawunde daga 30 ga Oktoba, gwamnati da 'yan adawa da ƙungiyoyin jama'a, alhali 'yan adawa babban taron ƙasa suke nema Biya ya ce babu. Ya zauna gaba da gaba da mutanen da suka yi wata da watanni suna zaginsa, kullum da dare muna kewaye da rediyo a zaure muna jira mu ji an tashi baram-baram. Baba da kansa ya ce wannan haƙurin a fada aka koya masa, inda yaro ke tasowa yana ganin ana sauraron mai ƙara har ya gaji da magana. Bayan nan ne gari ya fara sakewa, muka buɗe shago ta ƙofar gaba.

Aka yi zaɓen majalisa a Maris 1992, ranar 9 ga Afrilu aka sauke shi aka sa Achidi Achu, ko shekara bai cika ba. Daga baya Sadou ya koma aikin banki a BEAC, babban bankin ƙasashen Afirka ta Tsakiya, ya rasu a Siwizalan 1 ga Agusta 2019.

Don Allah ka zaunar da yaron ka faɗa masa wannan, in kuma kun shigo da babbar sallah ni da kaina zan kai shi ƙofar fada da bakin lungun nan da nake gadi. Ka gaida min uwargida, ka ce mata kilishin yana nan tafe da direban da ya saba kawo muku saƙo.

Naka har kullum, daga Garwa.