Ƙawata, ga haɗin tarin Goggo

Assalamu alaikum, aminiyata.

Ina gajiya, ya ruwan Fatakwal? Ya maigidan, ya 'yar jaririyarmu? Ke kuwa kin kyauta ke nan? Tun ranar suna ban sake jin ɗuriyarki ba, sai a bakin Yaya nake jin wai tari ya sa ki gaba. To, wadda ta ga teku ina za ta tuna da mutanen Ƙofar Marusa!

Nan hunturu ya sauka da ƙarfinsa. In kin fito da sassafe, da ƙyar ake hango hasumiyar Gobarau don hazo. Gidan nan kowa tari, amma Auta ya fi jigata, dare ba barci. Ni kuma kin san zuciyata ba ta kwanta da kwalaben kemis ba tun abin da ya faru a Gambiya a 2022, inda gurɓataccen maganin tari ya hallaka yara kusan 70. Ana cikin haka sai ga Goggo daga Daura. Kin san ta da rowar sirrin madafi, amma da ta ji tarin yaron, da kanta ta ce in ɗauko turmi.

Ɗanyar citta kamar babban yatsa biyu, ki kankare ki daddaka. Kanumfari ƙwaya biyar ko shida, masoro ɗan kaɗan. Ki zuba su a ruwa kofi biyu, ki rage wuta ya yi ta dahuwa a hankali har ya koma kofi guda. Ki tace da ƙyalle mai tsabta. Nan ne Goggo ta riƙe min hannu, ta ce kada zuma ta shiga sai ya huce ya zama ɗumi-ɗumi. Sannan zuma rabin kofi, ki matse lemun tsami biyu, ki juya sosai, ki ɗura a busasshiyar kwalba mai murfi. Babba cokalin cin abinci, yaro cokalin shayi, safe da rana da lokacin kwanciya. Na daren ya fi aiki, don zumar tana lulluɓe maƙogwaro ta kwantar da ƙaiƙayin. Kada ki yi da yawa, ko a firij bai kamata ya haura mako ba, ga wuta ba tabbas. Ke mai gyambon ciki ki rage citta, masoron ma ki bar shi.

Wallahi ranar da Auta ya yi barci har kiran assalatu, sai da na yi hawaye.

Wahalar duk a samun zuma take. Da yawa daga abin da ake yawo da shi a galan, sukari ne aka dafa. Tawa da saƙarta na saya wurin wani tsoho, na tace da kaina.

Amma don Allah ki saurare ni: kada ki ɗiga wa jaririyar nan ko kaɗan. Yaron da bai cika shekara ba ba a ba shi zuma, tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjinsa bai isa ya yaƙa ba. Ko surukarki ta matsa, ki ba ta haƙuri, in yarinyar na tari ki kai ta asibiti.

Af, kin ji an kawo lefen ƙanwar mai kitso? Akwati shida! Uwar sai da ta zagaya unguwa gida-gida, har da gidan da kika sani, ita da ta rantse ba za ta ƙara taka zauren ba. An sa biki bayan ƙaramar Sallah, ankon ma an fitar, na karɓar miki naki. Shuɗi ne, kada ki fara min ƙorafi.

Yaya ta ce naki tarin ya haura mako uku, har kin rame. Wannan shi ya hana ni sukuni. Haɗin Goggo na tarin sanyi da ƙura ne. Tarin da ya wuce mako biyu, balle da zufar dare ko rama, gwajin majina ake yi don tarin fuka, kuma gwajin da maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati. Na san halinki da "gobe, gobe". Ki je cikin makon nan, in ba haka ba maigidanki zan kira.

In mai motar nan zai taso, ki aiko min da manja. Goggo na gaishe ki, ta ce ki shafa mata kan takwararta.

Taki har kullum,
Maman Auta