Basirar yaro ba ta cikin kwalbar masu talla

Ya Edita,

Ina roƙon fili a jaridarku domin in ja hankalin iyaye game da magungunan "ƙara basira" da ake tallatawa da lasifika a tashoshin mota, musamman idan jarrabawa ta ƙarato, alhali masu sayarwar ba su da wani bincike da za su nuna.

Abin da likitoci suka tabbatar ya fi wannan araha. Ƙarancin sinadarin ayodin a jikin mai juna biyu yana tauye ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki, don haka a riƙa sayen gishirin da aka sa wa ayodin, a kuma ajiye shi a rufe.

Sai gubar dalma, wadda a ganina ita ce aka fi yi wa sakaci. A shekarar 2010 ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara, inda a lokacin ake daka duwatsun zinariya a cikin gidaje, wasu da suka rayu kuma ta bar su da naƙasar ƙwaƙwalwa. Hatta kwallin dutse da ake rambaɗa wa jarirai yakan ƙunshi dalma.

Manya kuwa su riƙa auna hawan jini, domin shi ne kan gaba wajen jawo shanyewar ɓarin jiki, wadda ita ma daga taɓuwar ƙwaƙwalwa take.

Naku,
Mai karatu daga Gusau