Koken 'Yan Haya Zuwa Ga Mai Girma Hakimi

Ta hannun Mai Unguwa da Dagaci.

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Hakimi, ya ƙara lafiya da nasara.

Mu 'yan haya na wannan gunduma, magidanta da zawarawa masu riƙon marayu, mun kawo kukanmu kan yadda ake tashin mutane daga gidaje kamar ba doka a ƙasa.

Ranka ya daɗe, tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 komai ya yi tsada, mun kuma san masu gidaje na jin jiki. Ba mu ce kada mai gida ya karɓi abinsa ba. Amma sai a wayi gari dillali ya manna takarda a ƙofa, wai a fita cikin mako biyu, don an sami wanda zai biya ninki. Wanda ya nemi a ɗaga masa ƙafa, sai a yanke masa wuta, ko a ɗaura kwaɗo a ƙofar ɗakinsa. Mun ga gidan da aka ɗaye wa kwano a tsakiyar damina, katifa da buhun masara suka jiƙe, uwa ta raba 'ya'yanta gidajen maƙwabta su kwana.

Alhali doka a fili take. In ba a rubuta wani wa'adi a yarjejeniya ba, mai biyan wata-wata notis ɗin wata guda ake ba shi, mai biyan shekara kuwa wata 6. Wa'adin ya cika bai tashi ba, sai a ƙara masa takardar kwana 7, sannan a tafi kotu. Alƙali ne kaɗai ke ba da umarnin fitar da kaya. Ko gwamnatin soja ta Legas, da ta fitar da Ojukwu, tsohon jagoran Biyafara, daga gida da ƙarfi, Kotun Ƙoli ta tsawata mata a 1986, balle dillali.

Muna roƙon Hakimi ya umarci masu unguwanni su tara masu gidaje da dillalai a karanta musu wannan a bainar jama'a. A wajabta rubuta yarjejeniya da ba da rasit, domin da yawanmu da baki aka yi magana, ranar rigima ba mu da abin nunawa. Duk takardar tashi kuma a kai wa Mai Unguwa kwafinta, ya zaunar da ɓangarorin biyu kafin a kai ga kotu. Wanda ya cire kwano ko ƙofa, a miƙa shi ga 'yan sanda.

Allah ya ƙara wa Hakimi imani.

Mu ne talakawanka,
'Yan hayan wannan gunduma.