Auren Jinsi: A Riƙa Duba Abin Da Doka Ta Ce Kafin A Buga

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina neman ɗan fili in ja hankalin 'yan jarida da masu hawa mumbari kan yadda ake kawo labarin auren jinsi. Da zarar wata ƙasa ta taɓa dokarta sai a ce "an halatta auren jinsi", alhali abubuwa uku ne mabambanta.

Akwai cire hukuncin ɗauri a kan saduwar masu jinsi ɗaya, kamar yadda kotuna suka yi a Indiya a 2018 da Botswana a 2019. Har yau ba a ɗaura irin wannan aure a ko ɗayansu, kuma a Oktoban 2023 Kotun Ƙolin Indiya ta ce batun aure aikin majalisa ne. Akwai rajistar zama tare, wadda Denmark ta fara a 1989, Faransa ta bi a 1999, inda takardar ke daidaita al'amura irin su haraji da gidan haya. Sai cikakken aure: Holan a 2001, Amurka a 2015 da hukuncin alƙalai 5 a kan 4, Ayalan kuwa ta ƙuri'ar raba gardama a shekarar.

A nahiyarmu Afirka ta Kudu ce kaɗai ke ɗaura shi, tun 2006. Dalili shi ne kundin tsarin mulkinta na 1996 ya hana nuna wa mutum bambanci saboda jinsin da yake sha'awa, don haka a 2005 kotun tsarin mulki ta ba majalisa shekara ɗaya ta gyara dokar aure. Sashe na 42 na kundin Najeriya ya hana bambanci a kan ƙabila, asali, zama mace ko namiji, addini da ra'ayin siyasa, bai ambaci wancan ba.

Dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga ma'auratan, shekara 10 ga mai ɗaurawa da shaidu da mai rajistar ƙungiyar masu neman jinsinsu. Takardar irin wannan aure da aka samo daga waje ba ta da ƙarfi a nan. Wanda ya san haka ba zai firgita da hayaniyar Yarjejeniyar Samoa ba, wato yarjejeniyar Tarayyar Turai da ƙasashen Afirka, Karibiyan da Pasifik, wadda Najeriya ta sa wa hannu a Yunin 2024, aka yi ta yaɗa cewa ta wajabta mana auren jinsi. Babu sashen da ya wajabta auren jinsi a cikinta. Ko da ma akwai, sashe na 12 na kundinmu ya ce yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ba ta zama doka sai Majalisar Tarayya ta zartar da ita.

Abin da ya fi damuna shi ne ɓarnar da ke biyo bayan tayar da hankalin jama'a. A Fabrairun 2014 gungun matasa suka fito da mutane daga ɗakunansu a Gishiri, Abuja, suka lakaɗa musu duka a kan zargin luwaɗi kawai. A Legas an kama mutum 57 a wani otal a Egbeda a 2018, aka nuna fuskokinsu a talabijin, aka gurfanar da 47, sannan a Oktoban 2020 kotu ta kori ƙarar saboda masu gabatar da ita sun kasa kawo shaidunsu. Sunan da aka ɓata kuwa wa zai gyara shi? Ga 'yan damfara masu ƙwace waya su ce a biya ko su tona asiri, ga masu ƙanjamau da ke guje wa asibiti don tsoro, cutar kuma ta ci gaba da yaɗuwa har cikin gidajen aure.

Musulmi da Kiristan ƙasar nan sun san matsayin addininsu a kan wannan aure, ba shi nake neman a sake tattaunawa ba. Amma shari'ar da muke kafa hujja da ita ta hana binciken asirin mutane a Suratul Hujurat, ta kuma yanke bulala 80 ga mai ƙazafi a Suratun Nur, malaman Malikiyya kuwa sun sa jifan mutum da luwaɗi ba hujja cikin ƙazafi.

Roƙona, duk labarin da za ku buga a kan wannan batu, ku faɗi sunan dokar da lambar sashen, kada kuma ku sa hoto ko sunan wanda kotu ba ta kama da laifi ba.

Wassalam,
Wani lauya mai karatun jaridarku, Kaduna