Abin da ke huda tayoyin Curiosity a duniyar Mars

Assalamu alaikum Edita,

Ka ba mu fili mu yi bayani kan hotunan ramukan da ke jikin tayoyin motar bincike ta Curiosity, waɗanda ke sa wasu cewa an yi aikin ha'inci. Motar ta sauka a kwarin Gale a watan Agustan 2012. Tayoyinta shida ne na alminiyam, ba roba ba iska, tsayin kowace santimita 50. Kaurin fatar tayar milimita 0.75 ne kacal, kuma da gangan aka sirantar da ita, domin duk giram ɗin da aka ƙara sai roka ta ɗauke shi.

A 2013 ramuka suka fara bayyana. Yankin cike yake da duwatsu masu tsini da iska ta wasa, kuma a kafe suke cikin dandaryar ƙasa. Dutsen da ke kan yashi nutsewa yake yi idan an taka shi, kafaffe kuwa ba ya motsi. Nauyin motar, kilo 899, bai isa ya huda fatar ba shi kaɗai. Matsalar ita ce kowace taya da injinta, a lokacin kuma duka gudu ɗaya suke juyawa. In tayar gaba ta ci karo da tsini, sauran ba sa jiranta, sai su danna ta a kansa. Shi ya sa na gaba da na tsakiya suka fi jin jiki. Ga kuma gajiyar ƙarfe, kamar wayar da ake lanƙwasawa gaba da baya har ta karye.

Rami a fata da sauƙi. Abin tsoro shi ne karyewar haƙoran tayar, wato layukan da suka taso a kan fatarta, don su ke riƙe da nauyi. Gwajin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ya nuna in uku suka karye a taya ɗaya, ta ci kusan kashi 60 cikin ɗari na rayuwarta. A Maris 2017 aka ga biyu sun karye a ta tsakiya ta hagu.

Bakanike dai babu shi a can, sai dabarar tuƙi. Ana zaɓar hanya mai laushi daga hotunan tauraron ɗan'adam, wani lokaci a tuƙa motar da baya, ana kuma ɗaukar hoton tayoyin da kyamarar hannunta. A 2017 aka tura mata manhajar da ke daidaita gudun kowace taya da abin da take hawa. A ganinmu wannan ce ta taɓa tushen matsalar. Yashi ma ba mafaka ba ne, shi ya riƙe Spirit, wata motar binciken Mars, a 2009.

Motar bincike ta Perseverance, wadda ta sauka a Mars a Fabrairun 2021, an ƙara wa tayoyinta kauri da tsayi, an rage faɗi, an kuma yi musu haƙora 48 masu ɗan lanƙwasa a maimakon masu kusurwa irin na Curiosity, waɗanda tsagewa kan fara daga gefensu.

Naku,
Wasu masu nazarin injiniyanci